Ƙaramin Kamfani da Sababbin Hannayen Jari: Ci Gaba Ake Nema ko Kasona Ake Ragewa?

Tambaya: Ina da hannun jari a wani ƙaramin kamfani da ke cikin kasuwar hannayen jari. Sau biyu ke nan cikin shekara uku yana sanar da cewa zai fitar da sababbin hannayen jari domin faɗaɗa harkarsa, kuma duk lokacin da aka yi sanarwar sai farashi ya faɗi. Me ya hana shi cin bashin banki? Yaya ake gudanar da irin wannan sayarwa, kuma ta yaya zan gane ko ci gaba ake nema ko dukiyata ake ragewa?

Amsa: Tambayar taka ta haɗa abubuwa uku, amma dukkansu a kan abu ɗaya suke tsaye, wato girman kamfani daban, girman rabonka a cikinsa daban. Kamfani yana iya ninka cinikinsa har sau uku, ya gina sababbin masana'antu, ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata, amma wanda ya sayi hannun jarinsa tun farko ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai na da ba, domin an yi ta shigo da sababbin abokan tarayya a kan farashi mai arha. Akasin haka ma yana faruwa, kasonka ya ragu a lissafi amma ɗan abin da ya rage maka ya fi na farko daraja nesa ba kusa ba, saboda kuɗin da aka karɓo sun yi aiki. Abu biyu ne ke raba gardama a nan: farashin da aka sayar da sababbin, da abin da aka yi da kuɗinsu.

Zancen banki shi ne mafi sauƙi. Banki ba ya cin moriyar bunƙasar kamfani. Ko da kamfanin ya zama gagarabadau, iyakar abin da zai samu shi ne uwar kuɗinsa da kuɗin ruwa. Wanda ribarsa ke da iyaka kuwa dole ya tsananta wajen kare kansa daga asara, shi ya sa yake neman jingina da shaidar cewa kuɗi suna shigowa a kai a kai, kuma ƙananan kamfanonin da suka fi buƙatar jari su ne suka fi rasa waɗannan biyun. Mai binciken sabon magani yana iya shafe shekara goma ko fiye, daga ɗakin bincike zuwa matakai uku na gwaji a jikin mutane, kafin hukuma ta ba shi izinin sayar da ƙwaya ɗaya. Kamfanin neman ma'adinai ba shi da komai sai lasisi da ramukan da ya haƙa da kyakkyawan zato. Mai rubuta manhaja kuwa dukiyarsa tana cikin kawunan ma'aikatansa, inda ba mai iya jinginar da ita. Irin waɗannan idan suka ci bashi, ranar biya za ta iso tun kafin aikin ya fara haihuwa. Kuɗin hannun jari ba su da ranar biya, ba su da kuɗin ruwa, rabon riba ma sai daraktoci sun ga ya dace. Wannan ne ke sa wasu shugabannin kamfanoni su ɗauke su kamar kuɗin banza, alhali babu kuɗin da suka kai su tsada, domin bashi ana biyansa a rabu, amma wanda ka sayar wa hannun jari ya zama abokin rabonka muddin kamfanin yana raye.

Ga wani lissafi na misali, wanda na fi son ka riƙe fiye da duk dokokin da zan ambata a gaba. A ce kamfani yana da hannayen jari miliyan 10, kowanne a kan dala 5, kuma yana cin ribar dala miliyan 3 a shekara. Kowane hannun jari ke nan yana da santi 30 na riba. Yana son dala miliyan 10 domin gina sabuwar masana'anta, sai ya fitar da sababbi miliyan 2 a kan dala 5, jimilla ta koma miliyan 12. Wanda ke da guda 100,000, wato kashi 1 cikin 100, yanzu kasonsa ya sauko zuwa kimanin 0.83. Kafin rabonsa na riba ya koma inda yake, sai ribar kamfani ta kai dala miliyan 3.6, wato sabuwar masana'antar ta kawo dala 600,000 a shekara, kashi 6 cikin 100 na abin da aka zuba mata. Idan ta kawo miliyan 1.2, riba ta zama miliyan 4.2, kowane hannun jari ya samu santi 35, to tsohon mai hannun jari ya ƙaru duk da raguwar kasonsa. Idan kuwa dala 300,000 kawai ta kawo, za a karanta a rahoton shekara cewa riba ta ƙaru da kashi 10 cikin 100, a yi tafi a watse, alhali rabon kowane hannun jari ya faɗo zuwa santi 27 da rabi.

Yanzu sauya abu ɗaya kacal. A ce kafin a yi sayarwar farashi ya karye zuwa dala 2 da rabi. Masana'antar ita ce dai, kuɗin gina ta ba su canja ba, amma yanzu sai an fitar da sababbi miliyan 4 kafin a haɗa dala miliyan 10. Jimilla ta zama miliyan 14, kuma ribar miliyan 4.2 ɗin nan da ta faranta mana rai ɗazu, idan aka raba ta gida miliyan 14, santi 30 ce cif-cif. An gina, an yi gumi, aiki ya yi nasara, amma tsofaffin masu kamfani ba su ƙaru da ko ƙwayar zarra ba. Sababbin shiga ne suka kwashe amfanin. Daga nan za ka fahimci abin da ya sa kamfanonin magunguna kan sanar da sayarwa kwana ɗaya ko biyu bayan sun fitar da sakamakon gwaji mai daɗi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma ni ban ga laifinsu ba, domin idan har sayarwa ta zama dole, gara wa tsohon mai hannun jari a yi ta lokacin da farashi ke sama.

Shiga kasuwa karo na farko, wadda jaridu suka fi yi wa kururuwa, ƙofa ce kawai. Amfaninta na gaske shi ne daga ranar hannayen jarin kamfani sun samu farashin da kowa ke gani da wurin da za a sayar da su, saboda haka yana iya dawowa neman jari karo na biyu da na uku, yana iya sayen wani kamfani ya biya da hannun jari maimakon tsabar kuɗi, yana kuma iya riƙe ƙwararrun ma'aikata da shi. Kasuwar Landan ta buɗe sashen AIM a 1995 da kamfanoni 10 domin irin waɗannan, inda ba a tilasta wa kamfani nuna tarihin ciniki na shekaru, amma dole ya kasance yana da mashawarcin da kasuwa ta amince da shi. A Kanada akwai kasuwar TSX Venture, wadda kamfanonin neman ma'adinai suka cika, a Amurka kuma kasuwar Nasdaq tana da rukunin ƙananan kamfanoni mai sassauƙan sharuɗɗa. Ƙofar ba ta kyauta ba ce. Wani nazari da Hsuan-Chi Chen da Jay Ritter suka wallafa a 2000 ya nuna cewa a Amurka, tsakanin 1995 da 1998, fiye da kashi 90 cikin 100 na kamfanonin da suka tara tsakanin dala miliyan 20 da 80 a shigarsu ta farko sun biya bankuna la'adar kashi 7 cikin 100 daidai, ban da kuɗin lauyoyi da na masu binciken asusu, waɗanda ba sa raguwa sosai don kamfani ƙarami ne.

Masu goyon bayan wannan hanya suna da misalan da suke ji da su. Amazon ya shiga Nasdaq a watan Mayun 1997 a kan dala 18, ya tara dala miliyan 54 kacal. Tesla ya shiga a watan Yunin 2010 a kan dala 17, sannan ya yi ta komawa kasuwa kusan kowace shekara yana sayar da ƙari, bai kuma ci ribar cikakkiyar shekara ba sai a 2020. Sai dai waɗanda suka tsira ake ba da labarinsu. Jamus ta buɗe kasuwar Neuer Markt a 1997 domin ƙananan kamfanonin fasaha, jama'a suka yi rububin saye, da hannayen jarin kamfanonin intanet suka karye daga 2000 sai darajarta ta zube da fiye da kashi 90 cikin 100, aka rufe ta a 2003.

Salon da aka bi wajen sayarwa ya fi kalaman sanarwa fallasa halin da kamfani ke ciki. Hanyar da ta fi adalci ga irinka ita ce a fara yi wa tsofaffin masu hannun jari tayi, kowa gwargwadon kasonsa. Wanda ya san haƙƙin shuf'a a fiƙihu, inda abokin tarayya ya fi bare cancantar karɓar kason da aka sayar, zai gane hikimar nan take. Dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006 ta tanadi wannan haƙƙi, kuma kamfanin da ke kasuwa ba ya jingine shi sai da amincewar kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa. A ce farashi dala 5 ne, aka ce duk mai guda 4 yana da damar sayen sabo 1 a kan dala 4. Farashin da lissafi zai bayar bayan sayarwa shi ne dala 4.80, domin dala 20 da dala 4 idan aka raba su gida 5 abin da ke fitowa ke nan. Wanda ya saya bai yi asara ba. Wanda ba shi da kuɗi, idan tayin irin wanda ake iya sayar da damarsa ne, zai sayar da ita a kan kimanin santi 80 ya cike giɓin. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda takarda ta zo masa ya ajiye bai karanta ba har wa'adi ya wuce. Aibin wannan hanya ga kamfani shi ne jinkiri da tsada, domin tana cin makonni, kuma a cikin makonnin nan farashin kasuwa yana iya faɗuwa ƙasa da na tayin, kowa ya janye hannunsa.

Shi ya sa ƙananan kamfanoni suka fi karkata ga sayarwa ta keɓe ga manyan masu zuba jari. Na sha ganin yadda ake yin ta, kuma ainihinta ba ya wuce dare ɗaya. Kwana biyu ko uku kafin ranar, dillalin kamfani zai riƙa kiran manajojin asusun zuba jari ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya ambaci sunan kamfanin sai ya tambayi mutum ko ya yarda a faɗa masa sirri, domin da zarar ya ji, doka ta hana shi saye ko sayar da hannun jarin har sai an sanar wa duniya. Ranar da aka tsayar, ana tashi daga kasuwa da yamma sai a fara karɓar oda. Shugaban kamfani da jami'in kuɗinsa suna zaune da lauyoyi, waya a tsakiyar tebur, dillali yana karanto cewa wane zai ɗauki na dala miliyan 2 idan farashi bai wuce kaza ba, wane kuma ya ce sai an ƙara masa rangwame. Akwai daren da na ga an fara magana a kan rangwamen kashi 5 cikin 100, kafin ƙarfe goma ya koma 15, saboda babban mai saye ɗaya ya lura cewa kuɗin da suka rage a asusun kamfanin ba za su kai wata huɗu ba. Shugaban ya cire tabarau, ya murza idanu, ya sa hannu. Da safe kafin a buɗe kasuwa aka fitar da sanarwa, ƙananan masu hannun jari suka tashi suka tarar an gama komai ba a tuntuɓe su ba.

Saboda irin wannan ne kasuwanni suka sa iyaka. A Ostireliya kamfani ba ya fitar da fiye da kashi 15 cikin 100 cikin wata 12 ba tare da izinin masu shi ba, ko da yake ƙananan kamfanoni suna iya neman ƙarin kashi 10 a babban taron shekara, kuma sau da yawa bayan an sayar wa manya akan ba sauran masu hannun jari damar saye har na dalar Ostireliya 30,000 kowanne. Nasdaq tana buƙatar ƙuri'ar masu hannun jari idan sayarwa ta keɓe ta kai kashi 20 cikin 100 kuma farashinta yana ƙasa da na kasuwa. Idan ka yi ta cin karo da sayarwar kashi 19.9, ka san da gangan aka tsaya a bakin layi.

A Amurka hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannayen jari, tana ba kamfani damar yin rajistar hannayen jari tun kafin buƙata ta taso, takardar ta yi aiki har shekara uku, ya riƙa ciro abin da yake so idan lokaci ya yi. Tun 2008 ƙananan kamfanoni ma sun samu wannan dama, da sharaɗin cewa idan darajar hannayen jarin da ke hannun jama'a ba ta kai dala miliyan 75 ba, ba za a sayar da fiye da kashi ɗaya bisa uku na wannan daraja cikin wata 12 ba. A kan wannan rajista ake ɗora sayarwar kaɗan-kaɗan, inda dillali ke zuba sababbin hannayen jari cikin cinikin yau da kullum a kan farashin da ya tarar, la'adarsa ba ta cika wuce kashi 3 cikin 100 ba. Ita ce mafi arha, ba rangwame, ba hayaniya. Amma mai hannun jari ba ya sanin nawa aka sayar sai rahoton wata uku ya fito, kuma idan cinikin hannun jarin ba shi da yawa, duk lokacin da farashi ya yunƙura zai tashi sai ya tarar da mai sayarwa wanda kayansa ba sa ƙarewa.

Daga nan sai a gangara zuwa inda kamfani ba shi da ta cewa. Idan masu kuɗi suka ga rangwame bai ishe su ba, sai su nemi a haɗa musu da waranti, wato takardar da ke ba su damar sayen ƙarin hannayen jari nan gaba, sau da yawa har shekara biyar, a kan farashin da aka yanke tun yau. Idan kamfani ya yi nasara za su zo su karɓi sababbi a kan tsohon farashi, idan ya gaza ba wanda zai waiwayo. Kuskuren da na fi gani a wurin masu ƙaramin jari shi ne su yi lissafi da adadin hannayen jarin da ke shafin farko na rahoto, su manta da waranti, da abin da aka yi wa ma'aikata alkawari, da bashin da ake iya juyawa ya koma hannun jari, waɗanda duk suke kwance a bayanan ƙarshen rahoto.

Mafi muni shi ne bashin da ake juyawa a kan farashin da ba tsayayye ba. A ce sharaɗin shi ne mai bin bashi zai karɓi hannun jari da rangwamen kashi 20 cikin 100 daga farashin kasuwa na lokacin. Idan farashi dala 1 ne, bashin dala 100,000 zai ba shi guda 125,000. Ya sayar da su nan take, ya ci ribarsa, farashi ya sauka saboda yawan kaya. Idan ya kai santi 50, dala 100,000 ta gaba za ta ba shi guda 250,000. Idan ya kai santi 10, miliyan 1 da dubu 250. Shi faɗuwar farashi ba ta hana shi barci, tunda rangwamensa yana bin farashi duk inda ya je, tsofaffin masu hannun jari ne ke ɗaukar zafin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Inda tafiyar ke kaiwa sananne ne. A Nasdaq idan farashi ya zauna ƙasa da dala 1 har ranakun ciniki 30 a jere, za a yi wa kamfani gargaɗi a ba shi wa'adin kwana 180, shi kuma sai ya haɗe hannayen jarinsa, a ce kowane 20 su koma 1, farashi ya tashi a takarda, ƙofar sabuwar sayarwa ta sake buɗewa. Kamfanin da ya maimaita haka sau biyu ko uku, a ganina sana'arsa ta gaskiya ta koma sayar da hannun jari, ko mene ne aka rubuta a allonsa.

Faɗuwar farashin da ka lura da ita ranar sanarwa ba baƙon abu ba ce. Wani ɓangare nata lissafi ne zalla, domin ba wanda zai biya dala 5 a kasuwa bayan ya ji cewa daren jiya an sayar wa wasu a kan dala 4 da rabi. Ɗaya ɓangaren kuwa Stewart Myers da Nicholas Majluf sun yi bayaninsa tun 1984, kuma Bahaushe ya riga su da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugabanni sun fi masu saye sanin cikin kamfani, kuma ba za su so sayar da wani yanki nasa ba idan suna ganin farashi bai kai darajarsa ba. Saboda haka da zarar sun zaɓi sayarwa, kasuwa takan ɗauka cewa su ma suna ganin farashin ya ƙoshi. Nazarce-nazarcen da aka yi a Amurka sun sami faɗuwar kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a matsakaici lokacin sanarwa, kuma a 1995 Tim Loughran da Jay Ritter sun nuna cewa kamfanonin da suka fitar da hannayen jari tsakanin 1970 da 1990 sun kasa takwarorinsu a shekara biyar da suka biyo baya. Wannan matsakaici ne, ba hukunci ba ne a kan naka kamfanin, amma ya isa ya sa ka nemi hujja daga wajen shugabanni maimakon ka wadatu da kalmar "faɗaɗawa".

Hujjar tana cikin takardun da doka ta tilasta musu wallafawa. Fara da duba ko hannayen jarin da ake sayarwa sababbi ne, kuɗinsu za su shiga asusun kamfani, ko kuwa tsofaffi ne na waɗanda suka kafa shi, kuɗin za su shiga aljihunsu. Akan haɗa biyun a sanarwa ɗaya, kuma na biyun ba ya gina komai. Sannan ka karanta sashen da ke faɗin abin da za a yi da kuɗin. Wanda ya ce kaza za a kashe a kan injina, kaza a kan gwaji na gaba, kuma za a kammala a wata kaza, ya ba ka abin da za ka kama shi da shi gobe. Wanda ya ce za a yi amfani da su wajen harkokin kamfani na yau da kullum, sau da yawa albashi da tsofaffin basussuka yake nufi. Ka duba ko daraktoci sun sa kuɗin aljihunsu sun saya a kan farashin da kowa ya saya. Ka kuma raba tsabar kuɗin da ke asusu da abin da kamfani ke ƙonawa duk wata uku: mai dala miliyan 12 da ke kashe miliyan 3 fiye da abin da yake samu yana da shekara ɗaya, kuma ba zai jira sai asusu ya bushe ba, don haka ka sa ran sanarwa nan da wata shida ko ƙasa da haka.

Game da naka kamfanin, sayarwa biyu cikin shekara uku ba ta yi yawa ba idan yana matakin da bai fara cin riba ba. Nemo takardar sayarwa ta farko ka ga abin da aka yi alkawari, sannan ka bi rahotannin da suka biyo baya ka ga ko an yi shi. Raba cinikin shekara da adadin hannayen jari kafin sayarwa ta farko, ka sake rabawa da adadin yau, har da waranti, ka kwatanta. Idan abin da ya hau kan kowane hannun jari ya ƙaru, farashin sayarwa ta biyu ya ɗara na farko, kuma kuɗin na wani sabon mataki ne, to hanyar tana aiki yadda aka gina ta. Idan kuwa farashi na biyu ya gaza na farko, an ƙara waranti, kuma dalilin da aka bayar shi ne dai wancan na shekara uku baya, to kuɗin farko ba su isa inda aka aike su ba, kuma kana da damar tambayar dalili. A ƙasashen da doka ta ba masu hannun jari wannan haƙƙi, izinin da daraktoci ke dogara da shi wajen fitar da sababbi ba tare da sun fara yi muku tayi ba, ku ne kuke ba su shi da ƙuri'arku a babban taron shekara, kuma galibi yana cikin ƙudurorin ƙarshe na takardar gayyata, waɗanda mafi yawan mutane ba sa kaiwa gare su.